Azumin da Muka Ajiye Muryar Baba

Azumin bana ya faɗo mana a tsakiyar zafi, irin zafin Tamale da tun hantsi mutum yake jin kamar an ɗora masa dutsen guga a ka. Jiya da azahar ina ofis, leɓɓana sun bushe ƙayau, sai na ji Ayisha abokiyar aikina tana tsaki tana hararar kwamfutarta. Na ce lafiya? Ta ce sabon harshen nan da muke rubuta manhaja da shi ne ya ƙi karɓar aikinta, wai ta mayar da wani gurbi na ƙwaƙwalwar na'ura, sannan ta koma tana son taɓa shi. "Abin nan ya cika iyayi," in ji ta. Na ce baiwar Allah, ki gode masa da ya tare ki tun a bakin ƙofa. A zamanin da na fara aikin nan babu mai tare ka, sai dai ka ga ɓarna bayan ta auku. Ina rufe baki wani azumi na can baya ya dawo mini ɗanye.

Shekara goma da wani abu ke nan. A lokacin azumi ya faɗo a farkon damina, amma daminar ta yi mana gardama. Kullum da la'asar hadari zai haɗu a gabas baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe shanyar mutane, kowa ya fito da bokiti da baho, sannan ya watse ko ɗigo babu. Abin da yake bar mana shi ne gumi mai danƙo. Famfo ya ƙafe, mata suna jera jarkoki rawaya a bakin rijiyar burtsatse tun da asuba. Ga kuma dumso, wato ɗauke wutar lantarki da ake yi mana babu sallama, ta zo ta tafi, ta leƙo ta koma, wani lokaci sau da yawa kafin a kira magariba.

Babana shi ne mai tafsiri a ƙaramin masallacinmu na unguwar Kasalgu tun kafin a haife ni. A Kano ya yi karatu, ya dawo da Hausar da 'yan unguwa suke ce wa ta littafi, kuma da ita ya rene mu ko muna so ko ba ma so. A waccan shekarar muryarsa ta fara dishewa. Likita ya ce wani abu ne ya tsiro masa a maƙogwaro, dole a cire, kuma ya faɗa mana gaskiya cewa bayan aikin da wuya muryar ta dawo. Baba ya ce to, a bari sai bayan Sallah, domin bana zai kai tafsirinsa ƙarshen Alƙur'ani. Tsofaffin kasa-kasai da aka taɓa ɗaukar karatunsa duk danshi ya cinye su. In ba a ɗauki na wannan watan ba, shi ke nan, jikokinsa ba za su san yadda yake magana ba.

Ni kuwa ban daɗe da dawowa daga karatu a Kumasi ba, kaina yana hayaƙi. Ni da Yakubu, wani Badagombe ɗan unguwar Kukuo, muna harhaɗa wasu ƙananan akwatunan kwamfuta masu batir domin makarantun ƙauye. Na ɗauki ɗaya na kai masallaci, muka jona masa makirifon Baba kai tsaye, na bugi ƙirji a gaban kowa na ce, "Baba, kalma ɗaya ba za ta faɗi ƙasa ba." Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya yarda, Uwata." Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa na ci.

Kwanakin sun tafi a kan tsari ɗaya. Mma, mahaifiyata, ta tashe mu sahur da tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo, mu cika ciki da ruwa har muna nishi. Bayan asuba in zauna aiki kafin a ɗauke wuta. Yakubu kuwa sai ya fara zuwa gona tukuna, ya duba masarar da ya shuka da ruwan farko, wadda ta tsiro ta tsaya tana naɗe ganye, sannan ya iso da hantsi da jar ƙasa a ƙafafunsa. Bayan la'asar a zauna tafsiri. Maza a ciki, mu mata a baranda bayan labule muna ji ta lasifika, Yakubu a gefen mumbari yana gadin akwati. Daga nan gida, ƙanshin ƙosai da kanwa da citta ya cika tsakar gida, cikin mutum yana ƙugi.

Ran da na fara zama in saurari abin da muka ɗauka, sai na ji ɓarna. Baba yana cikin bayani tiryan-tiryan, sai murya ta yi tsalle, jimla ta yanke a tsakiya, wani guntun magana da bai faɗa ba sai can gaba ya faɗo a wurinta. Abin da ya kamata a ji a nan ya ɓata gaba ɗaya. Na duba na jiya, haka. Na shekaranjiya, haka. Muka lura duk inda ramin yake, daidai lokacin da wuta ta ɗauke ne akwatin ya koma kan batir.

"Sista Ramatu," in ji Yakubu, "akwatin nan yana da aljani."

"Aljanin gidanku," na ce. "Kuskure ne, mutum ya rubuta shi, mutum zai cire shi."

Bari in faɗi yadda abin yake aiki, ba shi da wuya. Sauti yana shigowa ya zauna a wani ɗan yanki na ƙwaƙwalwar na'ura. Babbar manhajar da ke tafiyar da akwatin sai ta sa wannan yankin a layi, ta ba shi gurbi mai lamba, ta aika wa faifan ajiya cewa ga lamba kaza, ka rubuta. In faifan ya gama sai ya amsa, lamba kaza ta gama. To a nan ne ake sakin yankin ƙwaƙwalwar domin sabon sauti ya shiga. Muddin ba a saki yanki kafin faifai ya gama da shi ba, babu abin da zai ɓata. Manhajar ta kyauta ce, mutane daga ko'ina a duniya suke sa mata hannu, kuma ɓangaren da ke magana da irin faifanmu gadonsa muka yi a hannun mutanen da a ƙasarsu wuta ba ta ƙiftawa.

Babu abin da ba mu gwada ba. Muka canza faifai, ramin yana nan. Muka ajiye waya a gaban Baba, ta kwaso ƙarar fanka da tarin tsofaffi, muryarsa kuwa can ƙasa kamar daga rijiya. Kwamfutata ta hannu batirinta ya mutu tuntuni, wuta na ɗaukewa take mutuwa. Sai Yakubu ya kawo wata dabara mai kyau. Ya ce duk yankin da aka saki, mu cika shi da wata alama da muka sani, sannan mu duba ko alamar za ta fito a cikin abin da faifai ya rubuta. Muka yi. Ta fito, ɓaro-ɓaro, a tsakiyar karatun Baba. Ke nan ana sakin yanki faifai bai gama da shi ba. Amma wa ke sakinsa, kuma don me? Na karanta rubutun nan har haruffa suna rawa a idona, ko'ina na duba daidai yake. Ba a saki komai sai faifai ya ce ya gama.

Goman farko ta wuce a haka, muka shiga ta tsakiya. Kowace rana muryar Baba tana ƙara shaƙewa, kowace rana kuma dumso tana gutsurar wani abu daga cikinta. Da na kasa ɓoyewa na faɗa masa. Ya ce ba komai, zai maimaita mini wuraren da suka ɓata a ɗaki da safe. Mma ta miƙe tsaye da ludayi a hannu.

"Malam, likita ya ce ka rage magana. Wanda kake yi a masallaci ma da ƙyar na yarda. Ko harafi ɗaya ba za ka ƙara ba."

Gaskiyarta ce. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, da azumi a bakina, ina jin haushin kaina da bugun ƙirjin da na yi, ina jin haushin Turawan da suka rubuta abin, ina jin haushin masu wuta. Da na fito idona jajur, Yakubu yana zaune a kan benci ya zabga tagumi. Ya ce masararsa in ba a yi ruwa ba cikin 'yan kwanakin nan sai dai ya sake shuka, kuma iri ya ƙare. Na zauna gefensa, kowa da abin da ke ƙone masa.

Sai ranar ƙanƙara. An yini babu wuta, zafi kuwa ya kai inda ya kai. Mma ta dama lamurji cike da roba, tsamiya da citta, amma lamurji babu sanyi ai horo ne. Ta aiki ƙanwata Fati zuwa unguwar Kanvili, wajen wata mata mai janareto da ke sayar da ƙanƙara. Fati ta tafi shiru-shiru. Da Mma ta gaji da jira ta ce wannan ta samu abokan hira, ta tashi mijin Fati, Sule, ta ce ya hau babur ya nemo ko'ina ne. Ana cikin haka Inna Jumma ta shigo, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga bayan gari, da ɗan guntun ƙanƙara a kularta. Mma ta ce ta zauna tukuna, in ba a samo ba za ta karɓi nata.

Can sai maƙwabciyarmu da ke zaune a ƙofar gida ta ɗaga murya, "Mma, ya dawo!"

Mma ta ce alhamdulillahi, Sule ba ya dawowa hannu biyu. Ta ce wa Inna Jumma ta tafi abinta kada magariba ta same ta a hanya. Inna Jumma ta ɗauki kula ta fita ta ƙofar baya. Sai ga Fati ta shigo, gumi sharkaf, hannu wayam, wai layi ya yi tsawo kuma ƙanƙarar ta ƙare a kan idonta. Sule kuwa ko ƙurarsa babu.

Mma ta ɗora hannu a ka. "Ai an ce mini ya dawo!"

To ku da ba 'yan nan ba, ku sani mu Hausawan zango ba mu damu da "ta" ba. Mace ya zo, mota ya tafi, kowa "ya" ne. Baba ya shekara talatin yana yaƙi da wannan bai ci nasara ko a kan matarsa ba. Yana kishingiɗe a tabarma yana jan carbi, sai ya ɗago, da 'yar muryar da ta rage masa ya ce, "Da an ce ta dawo, da kin san ba Sule ba ne. Kin aiki mutum biyu, kin ba su suna ɗaya."

Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na miƙe na yi ihu, "Lamba ɗaya! Yakubu, lamba ɗaya muke ba su!" Mma ta ce yarinyan nan azumi ya taɓa shi.

Ga abin da ke faruwa. In wuta ta ɗauke akwatin ya koma kan batir, faifan yakan ɗan sume kafin ya farfaɗo. Manhaja ta jira amsa, ta gaji, ta fid da rai, ta sake aika saƙon ta wani gurbi, shi kuma tsohon gurbin ta ba wa sabon sauti, da lambarsa yadda take. Sai faifai ya farfaɗo ya amsa tsohon aike, lamba kaza ta gama. Manhaja ta duba ta ga sabon sauti ne a wannan lambar, ta ɗauka shi ake nufi, ta saki yankinsa alhali ba a rubuta shi ba. Fati ce ta dawo aka ɗauka Sule ne, aka sallami Inna Jumma. Shi ya sa ko'ina na duba na ga daidai. Faifan bai yi ƙarya ba, tambayar wane ne ba a yi ba.

Da lamurji mai ɗumi muka sha ruwa ran nan, kuma ban taɓa shan abin da ya kai shi daɗi ba.

Washegari tun bayan asuba na zauna. Abu uku na yi. Na farko, kowane gurbi na ƙara masa lamba ta biyu da ke canzawa duk lokacin da aka ba wa wani sabo, don in amsa ta zo da tsohuwar lamba a san ta wanda aka fid da rai da shi ce, a yar da ita. Yakubu ya sa musu suna "ya" da "ta", har a cikin rubutun. Na biyu, na hana a ba da gurbin da aka fid da rai da shi sai an tabbatar faifai ya sake shi. Na uku, na sa kowane aike ya zama mai shi ɗaya ne a kowane lokaci. Ko mai jiran amsa ya kama shi, ko mai fid da rai ya kama shi, wanda ya riga ya riga, ɗayan ya cire hannunsa. Faɗarsa da sauƙi. Yinsa ya ci mini kwanaki, ga yunwa tana sa ni in rubuta layi in manta abin da na nufa da shi.

Gwajin ma abin dariya ne. A karon farko a rayuwata na riƙa addu'a a ɗauke wuta, ita kuwa ran nan ta zauna daram kamar da gayya. Sai Yakubu ya zama dumso da kansa. Ya tsuguna a bakin soket yana zare waya yana mayarwa, yana zarewa yana mayarwa, ni kuma ina karanta jarida a makirifo kamar mahaukaciya. Muka duba, alamar nan ba ta fito ba. Muka sake, ba ta fito ba. Manhaja tana ta rubuta mana cewa ga tsohuwar amsa ta zo, an yar da ita. Yakubu ya ce, "Cale, abokiya, aljanin ya gudu." Na ce ka bari tukuna mu ga ta gaske.

Goman ƙarshe ta shigo, karatu yana fita sumul, amma zuciyata ba ta kwanta ba, domin ɗaukewar wutar kwanakin duk ƙanana ne. Sai ranar saukar tafsiri. Masallaci ya cika har titi, mutane daga Kanvili da Kukuo, kowa ya san wannan ne na ƙarshe ko da ba wanda ya furta. Hadari ya haɗu kamar kullum, ba wanda ya ko ɗaga kai, an gaji da yaudararsa. Baba ya kai surorin ƙarshe, muryarsa kamar ana jan tabarma a kan siminti. Ya rufe littafi ya ce a ɗaga hannu.

A nan aka yi wata tsawa da sai da ƙasa ta girgiza. Wuta ta ɗauke, ta dawo, ta ɗauke, ta dawo rabi, ta ɗauke gaba ɗaya. Lasifika ta mutu. Sai ruwa ya ɓarke a kan kwanon masallaci kamar ana zuba tsakuwa, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buso ta labule. Mu a baranda ba mu ji ko kalma ɗaya ta addu'ar ba. Na sahun gaba ma daga baya sun ce bakinsa kawai suka ga yana motsi. Muka yi ta cewa amin a kan abin da ba mu ji ba, feshin ruwa yana jiƙa mana baya.

Da aka shafa na tura aka kira mini Yakubu. Ya fito da akwatin a ƙarƙashin rigarsa, yana dariya yana kallon sama saboda masararsa. Na ce bar ni da masara, me ya nuna? Ya ce tsofaffin amsoshi sun zo da yawa, an yar da su duka, alama ba ta fito ko sau ɗaya ba. Na tsaya cikin ruwan nan da mayafina na yi guɗa, ni da ban iya guɗa ba, har tsofaffin mata suna tambaya ko an yi wa wani haihuwa ne. Ban saurari addu'ar ba a ranar. Na ce da Baba za mu ji ta.

Gyaran nan daga baya na aika wa masu kula da manhajar, suka yi ta tambayoyi, suka karɓa, sai dai sun ce a canza sunan "ya" da "ta" don ba su gane ba. Ramukan goman farko da ta tsakiya kuwa suna nan har yau, ba abin da zai cike su, kuma har yau in na zo kansu sai na ji zafi.

Bayan Sallah aka yi wa Baba aiki. Ya tashi lafiya, amma muryar ta tafi kamar yadda likita ya faɗa. Ran da muka dawo da shi gida, wuyansa naɗe da bandeji, ya zauna a tabarmarsa ya nuna mini akwatin da yatsa. Na jona masa lasifika na kunna ranar sauka. Muryarsa ta cika tsakar gida. Maƙwabta suka ji ta katanga suka shigo a guje, wata ko takalmi babu, tana cewa Malam ya warke. Suka tarar da shi zaune bakinsa a rufe, sai suka zazzauna a ƙasa suna saurare.

Aka zo wurin tsawar, muka ji ta, muka ji ruwa ya sauko, amma makirifon yana dab da bakinsa, muryar tana sama da ruwan, kowace kalma a fili. Ya roƙa wa unguwa zaman lafiya, ya roƙa wa manoma albarkar wannan ruwa, ya ambaci malamansa da suka rasu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Ya Allah, in ka karɓi muryata na gode maka da aron da ka ba ni. Ka yi wa Uwata albarka, ta sha wahala a kaina a watan nan."

Ban san ya faɗi haka ba. Ba wanda ya sani. Kuka ya ƙwace mini, na daɗi tsantsa, Mma ma tana share ido da bakin zane. Duk tsakar gidan aka ɗaga hannu, Baba ma ya ɗaga nasa. Na ga bakinsa ya motsa, babu sauti, yana cewa amin tare da mu.